Yaya wanda ya yi bugu 94 zai kayar da wanda ya yi bugu 78 a wasan golf?

Sabon Hannu ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu ziyartar wannan zaure. Ban daɗe da fara koyon wasan golf ba, kuma abin da aka fara koya mini shi ne cewa wanda ya zagaye ramuka 18 da bugu mafi ƙaranci shi ne ya yi nasara. To, sai ga shi a gasar wata-wata ta kulob ɗin da nake zuwa an miƙa kofi ga wani dattijo da ya kammala zagayensa da bugu 94, alhali wani matashi da kowa ya shaida ƙwarewarsa ya kammala da bugu 78 amma ya tashi a matsayi na biyu. Da na tambayi dalili, sai aka ce mini dattijon yana da handikaf 24, matashin kuwa 6 gare shi, kuma aka bar ni a nan ba tare da ƙarin bayani ba.

Abin da nake roƙo daga waɗanda suka riga mu a harkar shi ne su warware mini abubuwa uku. Daga ina wannan lamba take fitowa, kuma wane ne yake bayar da ita? Shin adalci ne a ce wanda ya shekara yana wahalar atisaye har hannunsa ya faɗa ya koma gida ba kofi, a ba wanda ya fi shi yawan kuskure? Sannan mene ne zai hana mutum ya riƙa nuna gazawa da gangan domin a ƙara masa rangwame, ranar gasa kuma ya fito da ainihin ƙarfinsa? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Sakatare ya amsa:

Wa'alaikumus salam. Malam, barka da shigowa wannan wasa. Abu na farko da ya kamata ka riƙe shi ne gasar golf iri biyu ce. Akwai wadda ake ƙirga bugu tsurarsa, ba ragi ba ƙari, kuma ita ce ƙwararru suke bugawa a manyan gasanni irin su Masters da ake yi a Augusta ta Amurka. A can babu maganar handikaf ko kaɗan. Akwai kuma wadda ake cire wa kowa rangwamensa daga abin da ya buga, kuma ita ce rayuwar kulob ta yau da kullum. A gasarku an cire wa dattijon 24 daga 94, ya rage 70, an cire wa matashin 6 daga 78, ya rage 72. Ma'anar wannan ita ce dattijon ya yi wasan da ya zarce abin da aka san shi da shi, matashin kuwa ya tsaya daidai inda aka san shi. Kofin irin wannan gasa na wanda ya fi kowa zarce matakinsa ne a wannan rana, kuma shi ya sa kulob da yawa suke ware wata kyauta daban ga wanda ya fi ƙarancin bugu tsurarsa.

Ita kuwa lambar, ba wani ne yake zama ya ƙiyasta ta da ido ba. Daga shekarar 2020 hukumomi biyu da ke kula da dokokin wasan, wato R&A da ke St Andrews a Scotland da USGA ta Amurka, suka haɗe tsare-tsare shida da ake amfani da su a sassan duniya suka mayar da su tsari ɗaya. A wannan tsari ana duba zagaye 20 na baya-bayan nan da mutum ya miƙa katinsu, a zaɓi 8 mafi kyau, a fitar da matsakaicinsu. Ka lura da wannan wurin sosai, domin a nan ne mutane da yawa suke ruɗewa: tunda an ajiye munanan zagaye 12 a gefe, lambar tana nuna abin da mutum zai iya yi ne a ranar da hannunsa ya yi kyau. Saboda haka yawancin ranaku ɗan wasa zai kammala da bugu biyu ko uku ko huɗu sama da handikaf ɗinsa, kuma wannan ba alamar lalacewa ba ce. Kusan sau ɗaya cikin zagaye biyar ne ake sa ran mutum ya kai lambarsa ko ya zarce ta.

Sai dai ba jimillar bugun ake ɗauka kai tsaye ba, domin bugu 94 a fili mai sauƙi ba daidai yake da bugu 94 a fili mai ruwa da ramukan yashi da bishiyoyi ba. Kowane fili da aka tantance yana da lambobi biyu da za ka gani a jikin katin maki. Ta farko ita ce ma'aunin fili, wato adadin bugun da ake sa ran gwani mai handikaf sifili zai yi a can, misali 71.5. Ta biyu ita ce ma'aunin wahala, wadda take nuna yadda filin yake ƙara tsananta wa matsakaicin ɗan wasa fiye da yadda yake tsananta wa gwani. Tana farawa daga 55 ta ƙare a 155, kuma 113 ita ce aka ɗauka a matsayin ta fili mai matsakaicin wahala. Hikimar wannan lamba ta biyu a bayyane take ga duk wanda ya taɓa tsayawa gaban tafki: gwani zai tsallake shi da bugu ɗaya ko kallonsa bai yi ba, amma mai koyo zai iya jefa ƙwallo biyu a ciki kafin ya haye. Tafki ɗaya ne, amma ba asara ɗaya yake jawo musu ba.

Ga yadda lissafin yake tafiya. A ce mutum ya yi bugu 94 a filin da ma'auninsa 71.5 ne, wahalarsa kuma 128. Za a cire 71.5 daga 94, ya rage 22.5, a ninka da 113, a raba da 128, sai a samu 19.9. Da a filin da ma'auninsa 69.0 ne, wahalarsa 113, ya yi wannan bugu 94 ɗin, da 25.0 za a rubuta masa. Waɗannan lambobi ne ake tarawa a zaɓi 8 daga cikin 20. Idan kuma mutum ya ɗauki lambarsa ya tafi baƙunta wani fili, sai a juya lissafin: a ninka lambar da wahalar filin, a raba da 113, a ƙara bambancin da ke tsakanin ma'aunin filin da bugun ƙa'idarsa, wato adadin bugun da aka ƙayyade wa ramukansa (par). Mai lamba 20.0 zai samu rangwamen bugu 25 a filin da wahalarsa 135, ma'auninsa 73.0, ƙa'idarsa 72, amma 17 kawai zai samu a filin da wahalarsa 105, ma'auninsa 69.0, ƙa'idarsa 71. Mai lamba 4.0 zai samu 6 a na farko, 2 a na biyu. Ka ga ke nan tazarar da ke tsakaninsu 19 ce a fili mai wuya, 15 a fili mai sauƙi, kuma wannan miƙewa da tsukewa ita ce take sa ɗan wasan Kaduna ya je Rayfield a Jos ko filin IBB a Abuja ya kara da 'yan gida ba tare da an zalunci kowa ba, muddin filayen an tantance su.

Akwai kuma wata ƙa'ida da take hana rami ɗaya ya ɓata wa mutum lissafi. Domin handikaf, ba a rubuta wa ɗan wasa fiye da bugun ƙa'idar ramin, da ƙarin biyu, da rangwamen da yake da shi a wannan rami. Idan ramin na bugu 4 ne kuma kana da rangwame ɗaya a cikinsa, ko da ƙwallonka ya shige dawa ka yi bugu 10, 7 za a ɗauka wajen lissafin lambarka, ko da yake a sakamakon gasar bugu-bugu, wato wadda ake ƙirga jimillar bugun zagaye, goman nan tana nan a kanka.

Mai Lamba Biyar ya amsa:

Ina gaida Yallaɓai Sakatare, kuma ban ga abin gyara a lissafinsa ba. Amma ina so in tsaya a kan tambaya ta biyu da ta uku, domin a ganina ƙorafin Malam yana da tushe, kuma bai kamata a rufe shi da lambobi ba.

Idan mutum biyu ne kawai suke karawa, tsarin yana da adalci matuƙa, har ma zan ce ya ɗan karkata ga gwani, domin gwani wasansa bai cika yin nisa da lambarsa ba, mai babban handikaf kuwa yau yana 92 gobe yana 104. Amma idan aka tara mutum sittin ko tamanin a gasa ɗaya, lamarin yana juyawa. Mai handikaf 5 da wuya ya zarce lambarsa da bugu shida, saboda babu sauran kitse a wasansa da zai rage. Mai handikaf 26 kuwa yana da wuraren gyara birjik, kuma idan irinsa talatin ne a fili, da wuya a rasa ɗaya da ranar za ta yi masa kyau ya sauko da bugu shida ko bakwai ƙasa da lambarsa. Masu tsarin sun san da haka, shi ya sa suka ba da shawarar a yi amfani da kashi 95 cikin ɗari na rangwame a gasar bugu-bugu ta ɗaiɗaiku, da kashi 85 idan mutum biyu ne suka haɗu ana ɗaukar bugun wanda ya fi kyau a kowane rami. Da an yi aiki da kashi 95 a gasar da Malam ya gani, dattijon zai samu 23 maimakon 24, matashin kuma 6 ɗinsa tana nan, don haka 71 da 72 za a tashi, kuma dattijon ne dai zai ɗauki kofin. A wannan karon ba ni da ja. Ra'ayina dai shi ne kulob mai yawan 'yan wasa ya raba su rukuni-rukuni, masu ƙaramar lamba daban, masu babba daban, domin ragin kashi biyar bai isa ya daidaita babban taro ba.

Maganar ha'inci kuwa gaskiya ce, kuma duk wanda ya daɗe a wasan ya ga irinta. Akwai mutumin da idan babu kyauta a gaba za ka gan shi yana kuskuren ƙwallon da yake taku ɗaya daga rami, ya miƙa katin da sauri, amma ranar da ya yi wasa mai kyau tare da abokansa sai ya naɗe katin ya sa a aljihu. Akwai kuma kishiyarsa, wanda ba ya miƙa kati sai mai kyau domin a riƙa cewa lambarsa ƙarama ce, kuma shi kansa yake cuta, sannan ya cuci duk wanda aka haɗa su ƙungiya ɗaya. Babu lissafin da zai gyara katin da ba a miƙa ba.

Hajiya Mai Sanda Bakwai ta amsa:

Sallama gare ku duka. Ni ina so in nuna wa ɗan'uwanmu ɓangaren da ya sa nake ganin wannan tsari alheri ne, ko da yana da gurbin da aka ambata. A guje-guje ko tanis, uwa ba za ta kara da ɗanta saurayi a yi gasa ta haƙiƙa ba, sai dai ya sassauta mata, kuma sassauci ba gasa ba ne. A golf kuwa ni da ɗana muna fita, shi ya fara daga dandamalin baya, ni in fara daga na gaba, kowa ya buga iya ƙarfinsa, kuma sau da yawa ba a sanin wanda ya ci sai a rami na 17 ko na 18. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne kowane dandamalin farawa yana da nasa ma'aunin da nasa wahalar, na maza daban na mata daban, don haka lissafin ya riga ya kula da bambancin nisa. Kuma ba sabon abu ba ne mata su damu da wannan: Issette Pearson, sakatariyar farko ta ƙungiyar golf ta mata da aka kafa a Birtaniya a 1893, tana cikin waɗanda suka fara ɗora tsarin da zai sa handikaf ɗin wannan kulob ya yi daidai da na wancan. Hukumar Amurka ta fitar da nata tsarin na ƙasa a 1911. Yanzu iyakar lambar 54.0 ce ga maza da mata baki ɗaya, wanda ya buɗe ƙofa ga masu koyo da tsofaffi da a da ake barin su a waje.

Idan karawar rami-rami ce, wato wanda ya ci ramuka mafi yawa shi ne ya yi nasara, ba a jira ƙarshe a cire rangwame. Dubi katinka, za ka ga an jera ramukan daga 1 zuwa 18 a wani layi da ba na tsarin zagaye ba, wannan shi ne layin rabon rangwame. Ana ɗaukar bambancin da ke tsakanin 'yan wasan biyu gaba ɗayansa. Idan 11 ne, mai rauni zai samu bugu ɗaya a ramukan da aka yi wa lamba 1 zuwa 11. Idan 22 ne, zai samu ɗaya a kowane rami, da na biyu a ramuka huɗu na farkon layin. Za ka tsaya a bakin rami ka san cewa bugunka 5 daidai yake da 4 na abokin karawarka, kuma wannan sani yana sauya yadda ku biyun za ku zaɓi sanda.

Ga mai koyo irinka kuwa, shawarata ita ce ka nemi gasar Stableford, wadda ta samo suna daga likitan da ya ƙirƙiro ta, Frank Stableford, aka kuma fara gasa da ita a kulob ɗin Wallasey na Ingila a 1932. A cikinta maki ake tarawa: bayan an cire rangwamen ramin, idan ka yi daidai da ƙa'ida maki 2 ne, idan ka haura da ɗaya maki 1, idan ka yi ƙasa da ƙa'ida da bugu ɗaya maki 3. Idan ramin ya ƙi, sai ka ɗauki ƙwallonka ka wuce, sifili kawai ka samu, ranarka ba ta lalace ba kuma ba ka tsayar da na bayanka ba. Wanda ya tara 36 ya buga daidai da rangwamensa.

Sabon Hannu ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Yallaɓai, Malam da Hajiya, yanzu na fahimci inda lambar take fitowa. Ni na taso ina kallon wasan polo, inda kowane mahayi yake da tasa lambar kuma ake haɗa na ƙungiya a ba mai rauni bambancin, shin abu ɗaya ne? Sannan Malam Mai Lamba Biyar ya tabbatar da cewa ha'inci yana faruwa, to wane mataki tsarin ya tanada a kansa, kuma ni ta yaya zan samu tawa lambar?

Tsohon Sakatare ya sake amsawa:

Manufar ɗaya ce da ta polo, amma hanyar ta bambanta ta fuska biyu. A polo lambar tana tashi daga 2 ƙasa da sifili zuwa 10, kuma mai babbar lamba shi ne gwani, a golf kuwa mai ƙaramar lamba ne gwani. Sannan a polo kwamiti ne yake kallon mahayi ya yanke masa matsayi, a golf kuwa katunan mutum ne suke yanke masa.

Game da ha'inci, akwai birki da aka gina a cikin lissafin. Ana riƙe lamba mafi ƙanƙanta da mutum ya kai a cikin kwana 365 da suka wuce. Idan sabuwar lambarsa ta haura wannan da fiye da 3.0, abin da ya ƙaru a kai rabinsa kawai ake ɗauka, kuma duk yadda wasansa ya lalace ba za ta haura da fiye da 5.0 ba. Ta ɗaya ɓangaren kuma, idan mutum ya yi zagayen da ya fi lambarsa kyau da 7.0 ko sama, ana yi masa ƙarin ragin 1, idan ya kai 10.0 a rage 2, ban da saukar da zagayen kansa zai jawo. Saboda haka wanda ya ɓoye ƙarfinsa ya ci kofi da tazara mai yawa, washegari zai tarar lambarsa ta faɗo. Akwai kuma gyaran yanayi da ake yi a ƙarshen kowace rana: idan aƙalla mutum takwas masu lamba 36.0 ko ƙasa da haka suka miƙa kati, ana kwatanta abin da suka buga da abin da aka sa ran za su buga, a yi gyara daga ragin 1 zuwa ƙarin 3. Wannan yana da amfani a wurinmu, domin filin da ƙwallo yake gudu a kansa kamar kan daɓe a watan Fabrairu shi ne wanda ƙwallo yake nutsewa a ciyawarsa a watan Agusta.

Amma Malam Mai Lamba Biyar ya faɗi gaskiya cewa duk wannan ba ya kama katin da aka bari a aljihu. Wannan aikin kwamitin handikaf na kulob ne, wanda dokar ta ba shi ikon duba tarihin ɗan wasa, ya gyara masa lamba, ya sanya masa makin hukunci idan ya ƙi miƙa kati ba da uzuri ba, har ya janye lambar gaba ɗaya idan abin ya yi tsanani. Aikin abokin zagaye ne kuma, domin shi yake ƙirga bugunka ya sa hannu a katinka, kuma bai kamata kunya ko girman wanda yake tare da shi ya sa ya sa hannu a kan abin da bai gani ba. A inda na ga tsarin ya yi rauni, yawanci kwamitin ne yake jin nauyin tunkarar babban mutum.

Kai kuma hanyarka mai sauƙi ce. Ka je wurin sakataren handikaf na kulob ɗinka ka yi rajista, sannan ka miƙa katunan ramuka 54, ko dai zagaye uku na ramuka 18, ko shida na ramuka 9, ko haɗin biyun, kowanne da sa hannun wanda ya zagaya tare da kai. Idan katuna uku ne kawai a hannu, ana ɗaukar mafi kyawunsu a rage masa 2.0, saboda an san mai koyo yana saurin gyaruwa, kuma yayin da katunan suke ƙaruwa ana ƙara yawan waɗanda ake ɗauka har a kai 8 cikin 20. Ka sanar tun kafin bugun farko cewa zagayen na handikaf ne, ka buga kowane ƙwallo bisa doka, kuma ka miƙa katin a ranar da ka yi wasan kafin dare ya raba, domin ya shiga cikin gyaran yanayin wannan rana.